Kansar hanji ta kai tayrod: tiyata ko kemo?

Tambayar nan ta yi yawa, to bari in amsa. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kansar hanji ta fi zuwa hanta da huhu, amma wani lokaci takan sauka a tayrod, ƙullin nan na gaban wuya, sai mutum ya ga kumburi ya zaci maƙoƙo ne, sai an tsiri ɗan nama da allura a gane asalinta daga hanji take. Shi ya sa maganin ayodin da ake ba masu kansar tayrod ba ya mata komai.

Tiyata sau ɗaya ce, a cire rabin tayrod ɗin ko duka, numfashi da haɗiya su samu sauƙi. Amma fa akwai haɗarin dishewar murya in aka taɓa jijiya, kalsiyam na iya sauka har a riƙa jin kamar ana tsira wa yatsu allura, kuma in an cire duka sai shan levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin aikin tayrod, kullum har abada.

Kemo kuwa, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, irin su haɗin da ake kira FOLFOX, duk sati 2 ake komawa, kuɗi na tafiya a hankali ga gudawa ga tashin zuciya, oxaliplatin ma, ɗaya daga cikin magungunan haɗin, sai ya sa mutum ya kasa riƙe kofin ruwan sanyi. Amfaninsa shi ne yana bin jini ya kai ko'ina.

Wanda tayrod kaɗai ta kamu ko kumburin na shaƙe shi, tiyata ta fi masa. Wanda ta riga ta bazu huhu da hanta, kemo ne kan gaba, kuma likitoci kan haɗa biyun.