Fulash ɗin tsofaffin fina-finan waƙa: rawar ta burge ni, labarin ya ɓata min rai

Mai shagon turin unguwarmu ne ya cika min fulash da tsofaffin fina-finan waƙa na Amurka, ya ce, "Hajiya, waɗannan ko da yara sai ki kalla." Hoton dai tas yake, wannan ban ƙwace masa ba.

Seven Brides for Seven Brothers na 1954 muka fara sakawa. Salon wasansu kaɗai ya isa dariya: kowa baki har kunne, hannu a sama, murya a buɗe, kamar masu wasan dandamali. Howard Keel ya shigo gari yana rera waƙa yana neman mata kamar wanda ya zo awon hatsi. Jane Powell, wato Milly, ta aure shi a ranar, ta isa gida ta tarar da ƙannensa shida ƙazamai suna jiran mai girki da wanki. Ita ta koya musu wanka da yadda ake yi wa mace magana. Rawar da Michael Kidd ya tsara a wajen gayyar gini kuwa, tsalle a kan katako, sai da muka maimaita ta. A lokacin har na fara cewa kuɗina ya biya.

Sai ga babban wan nan ya kawo labarin Romawan da suka sace mata, ya zuga ƙannen. Suka shiga gari da dare, suka lulluɓe 'yan mata da bargo, suka jefa su a keken doki, ƙanƙara ta zubo ta toshe hanya. Ana kuka, kiɗa na tashi! 'Yata ta juyo ta ce, "Mama, wasa suke yi ko?" Mu da muke jin satar 'yan mata a rediyo, ina abin wasa a nan? Milly ta kora mazan ɗakin dabbobi, na ɗan ji sanyi, amma kafin ƙanƙara ta narke duk 'yan matan sun kamu da son ɓarayin nasu. Wai shi ke nan an daidaita.

Ga kuma My Fair Lady, sauti ya riga baki tun daga tsakiya. Na san dama Marni Nixon ce ta rera yawancin waƙoƙin da ake ganin jarumar fim ɗin, Audrey Hepburn, tana rerawa, amma ba shi zai sa a turo min fim bakin mutum na motsi bayan an gama magana ba. Singin' in the Rain ne kawai na bar wa yara, sauran zan mayar a goge.