Hoton ƙirjin da aka mana kyauta a wajen karɓar magani, ga yadda ta kaya

Shekara 6 kenan ina shan ARV, wato maganin HIV, kuma duk zuwan da zan yi tambayoyin nan guda 4 nas take jero min kamar karatun allo, kana tari? zazzaɓi fa? kana rama? zufa da daddare? Ni kuma a'a a'a a'a a'a, ta rubuta a kati in kama gabana. To watan jiya ina shiga asibitin sai ga wata ƙatuwar mota a fake gindin darbejiya, wai kowa sai an masa hoton ƙirji don binciken tarin fuka, wato tibi, kafin ya wuce famasi. Gsky haushi naji, na bar shago a hannun yaro, kuma ni garau nake jin kaina.

Cikin motar ɗan ɗaki ne tsaf ga sanyin AC. Mai ɗaukar hoton yace Malam cire riga, har layar wuyana sai da ya sa na cire, sannan na rungumi wani allo na ɗora haɓa a kai, ja numfashi ka riƙe, shikenan. Ko minti 3 ban yi ba. Babu zancen jiran a wanke hoto kamar da, nan take huhuna ya fito a kwamfuta, wata manhaja ce take dubawa ta bada maki daga 0 zuwa 100 kuma ta shafa kala a inda take zargi. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan manhajar ga ƴan shekara 15 zuwa sama. Nawa hoton, can saman huhun dama ga wani ɗan tabo ja-ja, makina kuma ya haura inda suka yanka. Jikina yayi sanyi wlh.

Likitar tace kar in tada hankali, hoto baya yanke hukunci, tsohon tabo ko nimoniya ma suna iya fitowa haka, sai an gwada kaki. Kuma haka ne, dattijon dake gabana a layi makinsa ya fi nawa amma ashe tabon tibin da ya warke tuntuni ne. Likitar ce ta fahimtar dani cewa mu da muka daɗe kan magani tambayoyin nan 4 suna yawan tsallake mu, tarin fuka yana iya fara cin huhu mutum bai ko yi gyaran murya ba. Wanda CD4 ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jiki, ya faɗi ƙasa da 200 kuma, hotonsa na iya fita fes alhali ciwon na nan, shi yasa su har fitsari ake gwada musu.

Inda suka ɓata min rai shine wajen bada kakin. An miƙo min ɗan roba mai murfi ance in zagaya bayan gini, ni da ba tari nake ba na kai minti 20 ina kakari a fili, masu wucewa na kallona, ga wani ma'aikaci yana ɗaga murya wai masu maki sama ku koma gefe guda. Haba jama'a, wurin da kowa yake zuwa a ɓoye kar ɗan unguwarsu ya ganshi? Ko labule ai a saka. Mata ma naji suna ƙorafi babu mace a cikin motar. Sannan injin GeneXpert dake gwada kakin wajen awa 2 yake ɗauka, amma saboda cunkoso da ɗauke wuta sai bayan kwana 2 aka kira ni.

Ya fito akwai tibi, amma Alhamdulillah ba mai bijire wa magani bane. Wata 6 zan yi, wata 2 na farko haɗin magani 4 ne, sauran wata 4 kuma guda 2, ko sisi ban biya ba. Mai famasi ta ƙara min dolutegravir, wanda yake cikin haɗin ARV ɗina, guda ɗaya in sha awa 12 bayan na safe, tunda rifampicin dake cikin maganin tibin yana rage masa ƙarfi, ta kuma ce kar in firgita idan kalar fitsari ta koma kamar ta lemon kwalba. Da bata faɗa ba da na ruga asibiti a daren farko. Waɗanda aka tabbatar basu dashi an ɗora wasunsu kan rigakafi na sau ɗaya a sati har sati 12.

Tauraro 4 cikin 5 na basu, ɗayan na riƙe sai ranar da suka saka labule. In zaka je ka yi sammako, ka saka riga mai sauƙin cirewa, layin waya 3340 kuma kyauta ne a Najeriya don tambayar inda ake gwajin kusa da kai. Ni dai jibi zan koma da maiɗakina da yaran, ance duk ƴan gida sai an duba su, ƙaramin kuma tun yanzu ya fara kuka wai allura za'a masa.