Xiegu G90 a gidana na Jos: wat 20 sun ishe ni

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama BBC Hausa da Muryar Amurka da Rediyon Jamus a gajeren zango, ana murza maɓalli tsakanin zangunan mita 19 da 25 da 31, to ya san rabin harkar rediyon sha'awa, wato amateur radio. Ni ma a rediyon Baba na fara. Da na girma sai sauraro kaɗai ya daina isata, na nemi lasisi, na sami lambar kira mai farawa da 5N irin ta Najeriya, na shiga sahun masu hira da duniya ta iska don sha'awa.

Na'urar da ke kan teburina yanzu ita ce Xiegu G90, rediyon aikawa da karɓar magana, ƙirar Sin. Tana aiki daga zangon mita 160 zuwa na mita 10, ƙarfinta wat 20, nauyinta bai kai kilo 2 ba. Abokan harka da yawa sun so in tara kuɗi in sayi mai wat 100. Na ƙi, saboda lissafin wuta. Mai wat 100 tana jan kusan amf 20 idan ana magana, ita kuwa wannan ba ta kai rabin haka. Da batir ɗaya mai bolt 12 da farantin sola a kan rufi, ina yin hirar yammata ko da wutar gari ko babu.

Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar daidaita eriya da ke cikinta. Eriyata ba wata abar a zo a gani ba ce: waya ce mita 5 hagu, mita 5 dama, na yanka ta don zangon mita 20, na ɗaure gefe ɗaya a bishiyar mangwaro, ɗayan a ƙarfen tankin ruwa. Amma in na koma mita 15 na danna maɓalli, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas na ɗan lokaci, ta daidaita, mu ci gaba. Da wannan wayar nake samun mutanen Italiya da Sifaniya da Jamus kafin magariba, wani lokaci har Brazil. Lambar 5N ba ta da yawa a iska, shi ya sa da zarar ka yi kiran CQ, wato kiran neman duk mai son hira, za ka ji ana rububinka.

Babban ciwon kai a unguwarmu hayaniya ce, kuma ba daga na'urar take ba. Wata inbata mai araha da ke gidan, da cajojin waya, da janaretocin maƙwabta, su ne ke cika lasifika da shuuu har muryar mutum ta nutse. Allon G90 na nuna hayaniyar a fili, don haka na bi kayan gida ɗaya bayan ɗaya ina kashewa har na gane masu laifin. Yanzu kai tsaye nake jona ta da batir, inbatar kuma a kashe. Na kafa sandar ƙarfe a ƙasa bayan taga don haɗa na'urar da ƙasa. Da damina kuwa, kowa ya san tsawar Jos. Hadari na haɗuwa nake cire kebul ɗin eriya in jefa shi waje.

Mai niyyar saye ya san abin da zai samu. Allon inci 1.8 ne, ni da tabarau nake karanta shi. Ba ta da fanka a ciki, don haka in za ka daɗe kana FT8, wato musayar gajerun saƙonni ta kwamfuta, a kan megahaz 14.074, ka aje mata ƙaramar fanka a baya, in ka gama kuma ka riƙa lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Idan manyan tashoshi suka yi cunkoso a kan wata tasha mai wuyar samu, mai wat 20 sai ya yi haƙuri ya jira.

Ga matashin da ya sami lasisi, yake da sola a gida da ɗan filin shimfiɗa waya, ita zan ce ya fara da ita. Rarar kuɗin ya sa ta a kebul mai kyau da batir.