Wane littafin zanen injiniya za ka saya? Fara duba babin sekshan

Littattafan zanen injiniya da ake samu a shagunanmu galibi daga wuri uku suke fitowa: Ingila, Indiya da Amurka. Kafin ka biya kuɗi, buɗe babin sekshan, inda ake nuna ƙarfe kamar an tsaga shi don a ga cikinsa. A nan bambancinsu yake fitowa fili.

Na Ingila yana bin kundin ƙa'idojin zane mai suna BS 8888, wanda ya maye gurbin BS 308 a shekarar 2000, kuma ya ginu ne a kan ƙa'idojin ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya. Na Indiya yana bin SP 46, shi ma ɗan gidan ISO ne, ga araha, ga yawan atisaye. Matsalarsa ɗab'i: wani bugun takardarsa ba ta da kyau, har layi mai kauri da siriri su zama ɗaya, alhali a sekshan kaurin layi magana ne. Na Amurka yana bin ASME Y14.3, yawanci da awon inci.

A tsarin ISO, layin yanka, wato layin da ke nuna inda aka tsaga ƙarfen, siriri ne mai dogon zane da ɗigo, sai bakinsa biyu da inda ya lanƙwasa ake kaurarawa. A na Amurka layin duka mai kauri ne. Kibiyoyin da ke bakinsa suna nuna inda ido yake kallo, haruffa kamar A-A kuma suna haɗa layin da hotonsa.

Inda ake yin asarar ƙarfe shi ne wurin ajiye hoton. A tsarin kusurwa ta farko, wanda Turai da Indiya suka saba da shi, sekshan yana zama ne a gefen da kibiyoyin suka nuna. A kusurwa ta uku, ta Amurka, yana zama a bayan kibiyoyin. Wanda ya koyi ɗaya ya karanta ɗayan ba tare da lura ba, zai huda rami a hagu alhali na dama ne. Duba alamar mazurari mai da'irori biyu a gefensa, a akwatin bayanin zane: idan da'irori biyun suna kusa da siririn baki, kusurwa ta uku ce, idan suna kusa da faffaɗan baki, ta farko ce. Littafin da bai koyar da wannan alama ba, mayar wa mai shago abinsa.

Sannan nemi hoton da aka haɗa sassa da yawa. Layukan da ke nuna wurin da aka yanka sirara ne, a karkace digiri 45, kuma sassa biyu da suka haɗu dole layukansu su saɓa ko tazararsu ta bambanta. Shaf (sandar ƙarfe mai juyawa), bolti, noti da fil ba a yi musu waɗannan layuka idan yankan ya bi tsawonsu. Haka ma haƙarƙarin da ke ƙarfafa ƙarfe: in aka cika shi da layuka, mai zubi zai ɗauka dunƙulallen ƙarfe ne mai kauri. Abu siriri sosai kamar gasket baƙi ƙirin ake cika shi. Littafi mai kyau yana nuna daidai da kuskure gefe da gefe.

Ga ɗalibin da zai zauna WAEC ko NABTEB, da mai aiki da zanen milimita, na Ingila ya fi, na Indiya ya biyo baya in bugunsa ya fita sarai. Na Amurka sai ga wanda yake gyaran injunan da takardunsu suka zo daga can, kuma ya riƙe cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Ka haɗa da alƙalamin zane biyu, masu kaurin baki milimita 0.7 da 0.35 ko 0.5 da 0.25, domin mai kauri ya ninka siriri sau biyu, da sakwaya (ma'aunin zane mai kusurwa uku) mai digiri 45. In fensir ne, HB na gefen sassa, 2H na layukan ciki.