Sau uku ina juyen baƙin mai a ƙofar gida: ra'ayina kan kayan aikin da na saya

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, daga Amurka aka shigo da ita. Ina zaune a Fadaman Mada a nan Bauchi, aiki kuma yana kai ni Gombe kusan duk bayan mako biyu, ta Dindima da Alkaleri, don haka motar ba ta samun hutu. Shekara da shekaru wurin masu juye nake kai ta, in zauna a benci har a kira ni in biya. Abin da ya raba ni da su shi ne ranar da aka ɗaure notin ƙasan inji da ƙarfin tsiya har haƙoransa suka soma cinyewa. Kwana biyu ina tarar da ɗigon mai a inda nake ajiye ta da dare. Gyaran bai ci kuɗi sosai ba, amma raina ya ɓaci, domin a kan wannan motar nake neman abincin iyali.

Bayan nan na shiga gari na haɗa kayan aiki: kofin ƙarfe na kwance filta, soket mai lamba 14 da hannunsa, kwanon roba na tarar mai, da ƙafafun ƙarfe biyu da ake tokare mota da su. Mazurari kuwa a kasuwar Wunti na saya, irin na masu sayar da man gyaɗa. Yanzu sau uku ke nan ina juye da su, shi ya sa na ga zan iya faɗin wani abu.

Kofin filta shi ne ya fi burge ni, duk da shi ne mafi ƙanƙanta. Faɗinsa milimita 64 ne, yana da kusurwa 14, ya zauna a gindin filtar Corolla ɗas kamar an ƙera su tare. Wanda ya taɓa ganin yadda ake huda filta da sukudireba a murɗa, mai na zuba a hannu har gwiwa, zai san darajarsa. Ka sa kofin, ka ɗora hannun soket, murɗa ɗaya ta sake. Shawarata ita ce ka tafi shago da sabuwar filtarka a hannu ka gwada kafin ka biya, saboda girman kofunan ya bambanta, na wasu manyan Toyota ma daban ne. Kuma aikinsa kwancewa ne kawai. Wurin ɗaura sabuwa hannu ya isa: ka shafa ɗan sabon mai a robar bakinta, ka murɗa har robar ta taɓa jikin inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya.

A juye na biyu na ci karo da abin da ya kamata kowa ya sani. Da na cire tsohuwar filta sai na ga bakinta babu roba. Na leƙa da tocila, ashe ta manne a jikin inji. Da na ɗora sabuwa a kanta, roba biyu ke nan a haɗe, kuma da zarar an tayar da mota mai zai yi ta feshi ta tsakaninsu. Injin da ya rasa mai a kan hanya kuwa kowa ya san ƙarshensa. Tun daga ranar ba na ajiye tsohuwar filta sai na ga robarta da idona.

Soket ɗin ba shi da wani abin faɗa, yana aikinsa. Ya fi sifana mai buɗaɗɗen baki, domin yana kama kan notin ta ko'ina, ba ya zamewa ya cinye shi. Duk juye ina sa sabuwar washa, kuɗinta bai kai na ruwan leda nawa ba. Da an sauya ta tun farko, da ba a buƙaci ɗaure notin nan da ƙarfin da ya lalata shi ba.

Kwanon roba ne ban ji daɗinsa ba. Bakinsa bai da faɗi, jikinsa kuma yana laushi idan mai ɗumi ya cika shi, sai ka ɗauka ya lanƙwashe. Da an kwance noti man ba ya sauka kai tsaye, yana yin tsalle gaba ne kafin ya dawo, in kuma akwai iska irin ta hunturu, sai ta kaɗa siririn ƙarshensa gefe. Karon farko sai da na bi simintin ƙofar gida da yashi. Yanzu kwali nake shimfiɗawa a ƙasa. Da zan sake saye, tsohuwar tasar ƙarfe mai faɗi zan nema.

Ƙafafun ƙarfen su ne suka fi tsada, kuma su ne ba zan yarda kowa ya tsallake ba. Jak ɗin da ke zuwa da mota na sauya taya ne, ba a yi shi don mutum ya kwanta a ƙarƙashinsa ba. Bulo ma ba abin dogaro ba ne, yana iya farfashewa ba tare da ya ba ka alama ba. Nakan ajiye motar a kan siminti mai daidai, in ja birkin hannu, in sa dutse a bayan tayoyin baya, in ɗaga, in tokare, sannan in girgiza ta da hannu biyu kafin in shiga. Ranar farko ɗana ya ce, "Abba, ai da jak kaɗai ake yi a gareji." Na ce masa a garejin kirki rami suke da shi, mu kuma ba mu da shi.

Sai batun man kansa, wanda a kai muka daɗe muna ja da wani dattijo maƙwabcina, tsohon direban babbar mota. A murfin injina an rubuta 5W-30. Shi kuma ya ce, "Yaro, wannan man ruwa ne, zafin Bauchi sai 20W-50." Na ce, "Baba, ina jin maganarka, amma bari in bi abin da waɗanda suka ƙera motar suka rubuta." Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake a sanyaye, ta biyu kuma kaurinsa ne idan ya kai zafin digiri 100. Injin da ke aiki zafinsa ya zarce na ranar watan Afrilu nesa ba kusa ba, saboda haka ba rana ce kaɗai abin dubawa ba. Injin wannan Corolla yana da ƙananan hanyoyin mai, kuma da safe, kafin mai ya zagaya, a nan ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Baba yana da gaskiyarsa a kan tsohon injin da ya riga ya saki yana shan mai, nawa dai bai kai nan ba. A gidan mai nake sayen galan mai lita 4, in duba hatimin murfin da kaina, in duba tambarin API, wato alamar ingancin mai, a jikinsa. Jabun baƙin mai ya yi yawa a kasuwa, kuma a ganina wannan ita ce babbar ribar juye a gida. Kuɗin aikin da ka rage kaɗan ne, amma kai ka fasa galan ɗin, kai ka zuba.

Ba na juye galan duka a cikin injin lokaci ɗaya. Nakan zuba lita uku da rabi, in tayar da mota minti ɗaya, in leƙa ƙasa ko akwai yoyo, in kashe, in jira kaɗan, in zaro sandar gwaji in cike abin da ya rage. Littafin motar ya ce mil 5,000 ko wata shida, wato wajen kilomita 8,000. Masu motocin Amurka su lura, mitarsu da mil take ƙirga. Ni ina yi tun kafin a kai nan saboda ƙurar hanya, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Tsohon man ina mayar da shi cikin galan ɗin da ya zama fanko in rufe, in kai wa masu saye a bakin gareji. Ba na zuba shi a kwata ko a bayan gida. Rijiyarmu ba ta da nisa da ƙofa, kuma abin da ƙasa ta sha wata rana ruwa zai kai shi.

Aikin duka yana ɗaukar ni kamar minti arba'in. Wanda ba shi da wuri mai daidai ko ba zai sayi ƙafafun ƙarfe ba, gara ya sayi mansa da filtarsa ya kai wa bakaniken da ya yarda da shi, ya tsaya a kansa har a gama. Ni dai na huɗu yana nan tafe bayan Sallah, kuma kafin lokacin zan sauya kwanon.