Jirgin Legas zuwa Kano: matuƙin ya yi aikinsa, kamfanin da sauran gyara

Kusan kowane wata nakan hau jirgin wannan kamfani, saboda sarin atamfa da leshi da nake yi tsakanin kasuwar Balogun da Kantin Kwari. Ba zan kama sunansu ba, amma abin da ya faru ranar Alhamis sai na faɗa.

Mun tashi daga Legas bayan la'asar a jirgi ƙirar Boeing 737, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Har mun fara hango gonakin Kano, sai jirgin ya fasa sauka ya shiga kewaye. Kujerata daidai fiffike take. Mai yawan hawa jirgi ya san in an zo sauka akwai wasu faifai da ke zamowa daga bayan fiffike su lanƙwasa ƙasa, su ke ba jirgi damar rage gudu ba tare da ya rikito ba. Ranar sun ɗan motsa, suka tsaya cak.

Matuƙin bai ɓoye mana komai ba. Cikin natsuwa ya ce faifan sun ƙi fitowa, don haka zai sauka da gudun da ya fi na kullum, zai ci titi mai tsawo, kuma za mu ga motocin kashe gobara saboda birki kan ɗau zafi. Haka kuwa aka yi. Taya ta daki ƙasa da ƙarfi, muka yi ta gudu kamar ba za mu tsaya ba, salati ko'ina. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Abin da ya ƙona min rai, duk bayanin da Turanci aka yi shi. Wata dattijuwa a gefena ta damƙe hannuna, jikinta na rawa, ta ce, "'Yar nan, me yake cewa? Faɗuwa za mu yi?" Na ce, "A'a Mama, ki yi ta addu'a, sauka za mu yi." Jirgi mai zuwa Kano, a rasa ma'aikaciya ɗaya da za ta maimaita da Hausa?

Da muka shiga ɗakin karɓar kaya, ko mutum ɗaya daga kamfanin bai zo ya ce mana sannu ba. Ni na riƙe wa Mama jakarta har jikanta ya iso, hannunta bai daina rawa ba. Zan sake hawa jirginsu saboda matuƙa irin wannan, amma na rubuta musu koke kan maganar Hausa, ina jiran amsa.