Fitilun dashbod a V-boot: a gyara altanetar Bosch ko a sayi sabuwa?

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi sabuwar altanetar nan da mai shago yake tallata maka, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Fitilar batir da ta birki da ta ruwa da ka ce suna kamawa tare dishi-dishi a V-boot ɗinka, in ka taka totur su ɗauke, ba lalura uku ba ce. Lalura ɗaya ce, kuma galibi ƙarama.

Haka Marsandi suka tsara wayoyin wannan samfurin, wato W124. In ka murɗa makulli kafin injin ya tashi, fitilun gargaɗi duk suna kamawa domin ka tabbatar ƙwayayensu na da rai. Ta cikin altaneta suke bi su kama, ta wata siririyar waya shuɗiya da ke ɗaure a inda aka rubuta D+. Da zarar altaneta ta fara caji sai wuta ta daidaita a gefe biyu, su mutu gaba ɗaya. Ranar da caji ya yi rauni kuwa tare za su dawo. Shi ya sa za ka ga mutum ya canza takalmin birki, ya cika ruwa, fitila na nan daram.

Ni gyaran ta asali nake goyon baya, domin na ga amfaninsa a 230E ɗina. Ta yi min irin wannan da daddare ina dawowa daga Zariya, na lallaɓa har gida na kashe AC da rediyo. Washegari wani dattijon mai rewaya ya cire kan batir, ya zura hannu bayan altanetar, ya kwance sukurori biyu kacal, ya zaro wani ɗan baƙin abu ya ɗora min a tafin hannu. Regileta ce, mai daidaita ƙarfin wutar da altaneta ke bayarwa, da kabon biyu a jikinta. Ɗaya da ɗan sauransa, ɗayan ya cinye har ya koma kamar ƙwayar masara, sifirin ɗin ma ba ya iya tura shi ya taɓa zoben da yake gogawa a cikin altanetar da kyau. Ya sa sabuwar regileta, ya goge bakin wayoyi da sanfefa, ko sauke altanetar bai yi ba. Da aka tada injin dashbod ya yi tsit, mita ta nuna volt 14.1. Har yau ita ce a motar, kuma abin da na biya bai kama ƙafar kuɗin altaneta ba. Allah Ya saka wa dattijon nan da alheri, da ya ga dama ya ce min ta mutu, ba ni da ta cewa.

Abin da ya sa nake son Bosch ta wancan zamanin ke nan. An yi ta ne don a riƙa gyarawa. Regileta daban take fita, boris daban, farantin diyod daban, kuma ba su da wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka. In tsawon kabon ya gaza milimita 5, lokacinsa ya yi, ba sai an yi gardama ba.

Sabuwar da ba ta da sunan kamfanin kirki, wadda ake cewa tana shiga kowace Marsandi, na taɓa sa irinta a wata mota. Tana caji, ba zan yi mata ƙarya ba, amma ba ta ga damina biyu ba boris ya fara kuka, kuma babu mai shagon da ya san regiletar da ke shiga jikinta. Kyan kwali ne kawai.

Kafin a kwance komai, a sa mita a kan batir a gabanka. Injin a kashe, batir mai lafiya zai nuna wajen volt 12.6. Injin na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, kuma kada ya faɗi sosai in an kunna fitilun gaba da fanka. A duba bel da abin da ke ɗame shi, domin a yawancin irin injin ɗinka bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa, in ya tsinke ba caji kaɗai ka rasa ba, injin ma zai ɗau zafi. A duba wayar da ta haɗa injin da bodi. Sai fiyus-fiyus, waɗannan masu tsini kai da gindi: bakinsu na yin tsatsa ya kawo fitilar ƙarya, a jujjuya su a goge, in da hali a mayar da masu jan ƙarfe. In fitilar ABS ce ta kama ita kaɗai, wannan wata magana ce, a fara da rilen da ke bayan batir mai ɗan fiyus a kansa.

Akwai inda regileta ba za ta wadatar ba. In zoben da kabon ke gogawa ya yi rami mai zurfi, ko diyod ta ƙone har batir yana saukewa cikin dare, sai an sauke ta an buɗe. Ko a nan ma a gyara. In ta ƙi gyaruwa, ka nemi Bosch ta Beljiyam mai lamba da amfiya daidai da taka, a gwada ta a kan motarka kafin ka biya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu tsohuwa suke wankewa da fetur, su fesa mata fenti, su saka a kwalin Bosch. Leƙa ta ramukan bodin: in fenti ya hau kan wayoyin ciki ko kan sukurori, ajiye musu kayansu. Wasu kuma su karɓe taka ta asali a matsayin kwandem, su sa mata regileta, gobe su sayar wa wani. Kada ka bar ta a shago. Mafi muni shi ne mai cire ƙwan fitilar batir ya ce ya gyara. A irin wannan altaneta, ta hanyar fitilar nan wutar farko ke shiga ta tada caji, don haka cire ƙwan na iya sa ta ƙi caji sai an taka totur da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa maka dashbod, murɗa makulli a gabansa ka ga fitilar batir ta kama kafin ka tada injin. Kuma wanda ya ce zai cire kan batir injin na aiki don ya gwada caji, riƙe masa hannu, haka ake ƙona diyod da sauran kayan lantarkin mota.

Ka sayi regileta ta Bosch ko Hella, ka je da tsohuwar a hannu don a gwada su kusa da kusa. In an sa, turo mana abin da mita ta nuna da fitilun gaba a kunne.